Jan Ruwan Rumfar Phulmaya

A hawan ƙarshe na gudun yada-ƙanin-wani jijiyar ƙafata ta ɗaure. Ruwa na zuba, caɓi har gwiwa. Matsattsaku sun rufe mini ƙwauri, kowanne ya sha jini ya yi tulu. Na tsaya kallon wani a kan ganye, ya miƙe yana lilo kamar mai gaishe ni.

"Tsoho, kallo ya kawo ka?" in ji Dambar, shugaban kulob ɗinmu. "In ba ka ƙarasa ba, bunsurun kyautar gasa ya tafi hannun kulob ɗin garin Pokhara."

Sai mutum biyar sun kai ake ƙirga kulob. Ni ne na biyar.

A rumfar hutu ba kowa, sai kwano cike da jan ruwa, kamar jiƙon jan furen kan dutse da ake ba masu gudu su sha. Na kafa kai. Gishiri-gishiri, da ɗan ƙarni. Nan take jijiyar ta saki. Dambar ya shanye sauran har da lasar baki.

Bunsuru ya zama namu. Da yamma na nemo Phulmaya, tsohuwar da ke tsaron rumfar.

"Yaya, me kika haɗa a kwanon nan? Duk kulob na so."

Ta daɗe tana dubana.

"Ashe kai ne. Gishiri ne kawai, ƙanena. A ciki nake tsoma matsattsakun da nake cire wa mutane. Na tsame su na je zubarwa, na dawo kwano wayam."

"To, jan fa?"

"Galibi na 'yan Pokhara ne."