Agwagwar da Kawu Ya Harbo

Gimba yana zaune a kujerar da ke jikin soket, ya lulluɓe ƙafafunsa da bargo, sai aka danna ƙararrawar gidan. Ya leƙa ta taga. Motar Kawu Salihu ce a bakin titi. Ya zare wayar caja daga bango, ya cusa ta ƙarƙashin matashi, ya gyara wandonsa, sannan ya buɗe ƙofa.

Kawu Salihu ƙanin mahaifiyarsa ne, likita a Manchester. Shi ya tsaya masa har ya zo karatu, shi kuma yake gaya wa 'yan gida cewa yaron ya gama jami'a, ya samu aiki a Birmingham, komai ya daidaita. Tun daga unguwarsu Whalley Range a Manchester ya tuƙo zuwa unguwar Aston a Birmingham ba tare da ya yi waya ba, ga kula a hannunsa, fuskarsa cike da fara'a.

"Tunda ka ƙi zuwa farauta, ga farauta ta zo maka," in ji shi.

Maganar ta daɗe a tsakaninsu. Kawu ya shiga wata ƙungiyar maharba da ke fita bakin teku da sanyin asuba, kuma tun farkon kaka yake kiran Gimba. Ya san ɗan 'yar'uwarsa a fadamar Nguru ya tashi, a bayan mahaifinsa cikin kwalekwale, ya san daga kukan agwagwa yake gane inda za ta sauka. Har dogayen takalman shiga ruwa ya saya masa, ya ce ya zo ya kwana Manchester a gwada. Gimba ya ce aiki. Wani mako ya ce mura. Daga baya ya daina ɗaga waya ranar Juma'a.

Kawu ya buɗe kular a kan tebur. Agwagwar ruwa ce, mai doguwar wutsiya da farin wuya. A ƙafarta akwai ɗan zoben ƙarfe mai lamba.

Gimba ya manta da kansa, ya sunkuya. Mahaifinsa ya yi rayuwarsa duka a fadama, sau ɗaya tak ya taɓa ganin mai zobe irinta, ita ma a hannun wani. Ya shafa gashin tsuntsuwar, ƙamshin taɓo da ruwa ya bugi hancinsa.

"Akwai Baturen da ya tsufa a ƙungiyar, bai taɓa dacewa da mai zobe ba," in ji Kawu. "Na shigar da lambar a intanet. Can wata ƙasa mai ƙanƙara aka saka mata zoben tun tana ƙarama. Da kana wurin, ai da hannunka za ka ɗauko ta."

A nan ne wani siririn ƙugi irin na wayar da cajinta ya kusa ƙarewa ya tashi, ya tsaya. Kawu ya laluba aljihunsa, ya duba wayarsa.

"Taka ce. Sa ta a caji mana."

"Zan sa, Kawu."

Gimba ya shige kicin ya ɗora shayi. Ya daɗe tsaye yana kallon butar. Da safe ya yi niyyar zama ya gama abin da ya fara, barci ya ɗauke shi. Yanzu yana lissafin yadda zai sallami baƙon da ya yi tafiya mai nisa dominsa.

Kawu kuwa ba shi da niyyar tashi. Ya cire takalmi, ya miƙe ƙafa, ya zauna daidai kan kujerar da ke jikin soket. Ya ce a fige agwagwar a dafa, su ci tare. Da la'asar ta yi ya shiga banɗaki ya yi alwala, ya fito yana yarfe hannu. Gimba ya shiga bayansa ya turo ƙofa, ya fito da safarsa mai kauri a ƙafa, ya ce shafa ya yi saboda sanyi. Kawu ya ja su salla. A sujada ƙugin ya sake tashi.

Bayan sallama Kawu ya juyo ya kalli wayar Gimba da ke kan tebur. Cike take da caji.

"Ɗauko jakarka," ya ce a hankali. "Gobe akwai fita. Antinka Hafsatu ta gyara maka ɗaki. Yau ba zan karɓi uzuri ba, sai dai ka gaya mini laifin da na yi maka."

Gimba ya duba ƙofa, ya duba taga. Idan ya bi shi, kafin gari ya waye za a san ba ya gida. Idan ya ƙi, Kawu zai zauna nan har sai ya ji dalili. Idan kuma ya ci gaba da yin shiru, batirin zai mutu, kuma an gaya masa ƙarara abin da zai biyo baya.

Ƙugin ya zo na uku, ya fi na baya tsawo.

"Kawu, don Allah ku ɗan matsa."

Kawu ya matsa. Gimba ya zaro cajar daga ƙarƙashin matashi, ya soka ta a bango. Ya zauna a ƙasa, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya zame safa, ya jona wayar cajar a baƙar na'urar sa ido da jami'an shige da fice suka ɗaura masa a idon sawu ranar da aka ba da belinsa.