Safar Hannun Mai Gona

Bindiga ta tashi, salwa ta faɗo cikin ciyawar da raɓa ta daskare a kanta. Wata karyar farauta ta ɗauko ta, ta wuce mai horar da ita ko kallo babu, ta kai wa mai gonar, wanda sai sanyi ya kankama yake zuwa gonar tasa da ke jihar Jojiya ta Amurka farauta.

"Ka gani? Ta san ubangidanta!" in ji mai gonar yana dariya.

"Ta sani, yallaɓai," mai horar da karyar ya amsa.

Shi ya raine ta tun idonta bai buɗe ba. Ya cusa hannu a aljihu, ya damƙe tsohuwar safar hannun mai gonar. Duk bazara ita yake ba ta ta shinshina, yana koya mata wanda za ta so.