Harsashin Yaya Sabitu

Wani ya kashe Sabitu mai maganin bindiga, kuma ba wanda ya danna kunama ba ne. Unguwar Zango duk ta san wanda ya danna. Ɗayan ne ba ta sani ba.

Shekara ashirin Sabitu yana tsayawa a fili bayan sallar Juma'a, ƙirji a buɗe, laya a damtse, a auna shi da bindigar farauta a ɗirka. Hayaƙi ya washe, sai ga shi yana kaɗe baƙi daga jikinsa yana dariya. Direbobi da fataken shanu su yi layi suna sayen laya. Wurin mahaifinsa ya gaji maganin, ya kuma yarda da shi kamar yadda ya yarda da sunansa.

Ƙanensa Ayouba ne ke ɗura harsashin. Sana'arsa ke nan: ya narka darma, ya yi zubi, ya cika tsofaffin kwanso ya sayar wa mafarauta. Na mafarauta a ƙofar shago yake yi, yana hira yana zagin masu zemijan, 'yan babur ɗin haya. Na yayansa kuwa sai ya rufe ƙofa. Ya ce akwai addu'ar da ba a yi a gaban mutane. Shi kansa bai taɓa ɗaura layar ba.

Ran Juma'ar nan cunkoso ya riƙe Ayouba a kasuwar Adawlato. Kafin ya iso an taru, wani ɗan jami'a, Taufiq, na tsaye a tsakiya yana ɗaga jan harsashi sabo fil daga kanti.

"Tonton Sabitu, kullum na gidanku ake sawa. A gwada wannan mana, in ba tsoro ba."

Ayouba ya diro daga babur tun bai tsaya ba.

"Kai, ɗan banza, tafi da bokonka can! Yaya, bari in ɗauko namu."

Sabitu ya dube shi da mamaki, har da ɗan ɓacin rai.

"Haba Ayouba. Darma ai darma ce. Maganin Baba ka raina?"

Kalma uku za su isa. Ayouba ya buɗe baki, ya ga idon jama'a, ya ga furfurar yayansa, ya rufe.

Shi Sabitu da hannunsa ya sa harsashin a bindiga, ya miƙa wa Taufiq, ya koma baya taku goma yana murmushi.

Taufiq na kurkuku yanzu. Ayouba ya fi kowa tsine masa a wurin zaman makoki, har sai da aka riƙe shi.

Tun ranar da uban ya mutu, kakin kyandir da garin gawayi Ayouba ke zuba wa yayansa a kwanso maimakon darma, bai taɓa gaya masa ba, wai kada ya karya masa zuciya. To, wanda ya ce ba Ayouba ne ya kashe shi ba, ya fito ya faɗa.