Dakon Taki Zuwa Gonar Wani

Tunda na ga idonka ya kasa barin abin hannun ɗan'uwanka, zauna in ba ka misali.

A wani kamfanin takin zamani akwai ma'aikata biyu da aka ɗauka rana ɗaya. Sai kamfanin ya kawo wata manhajar kwamfuta don koyar da ma'aikata. Ga masana'antar nan a allo kamar ka taɓa. In ka ce bututun iska mai guba ya fashe, sai ta nuna maka inda iskar za ta bi, da wanda zai faɗi, da wanda zai tsira. Aka damƙa wa ɗayansu ita ya riƙa koyar da sauran, aka ce in ya iya, shi za a ba kujerar shugaban kiyaye haɗurra. Ɗayan kuwa abin ya tsaya masa a rai. Tare suka fara, da me ya fi shi? Ko tuwo ya daina yi masa daɗi. Ya ƙudura sai ya kunyata shi a bainar jama'a, kujerar ta kuɓuce masa. Kullum aka zauna darasi sai ya jefo tambayar da ya daɗe yana saƙawa: in iska ta juya gabas fa? In an ɗauke wuta fa? Abokin ya ce a bari sai gobe, gogan naka ya koma gefe yana murmushin mugunta. Bai san cewa wancan komawa yake ya gwada tambayar a manhaja ba, washegari ya dawo da amsa.

Rannan manaja na zaune, sai gogan ya saki tambayar da yake ganin ita za ta gama da shi: "To, malam gwani, in abin ya faru ranar Juma'a fa, lokacin da maigadi ke garƙame ƙofar baya ya tafi masallaci?" Ba wanda ya taɓa tuna wannan. Abokin ya rufe ƙofar a allo, ya saki iskar. Sai ga waɗanda aka bari jiran inji a allon sun taru a jikin ƙofa, suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, alhali shi kansa mai tambayar yakan yi wannan jiran. A ranar aka cire kwaɗon ƙofar bayan. Ba a jima ba aka ba abokin kujerar, aka ce ba tambayar da ba shi da amsarta. Gogan yana tsaye aka yi, har tafi ya yi don kada a gane, bakinsa kamar ya tauna maɗaci. Ashe duk tsawon lokacin nan dakon taki yake yi zuwa gonar da yake fatan ta bushe.

Gaskiyar masu iya magana: hassada ga mai rabo taki ce.