Lambar Bayan Ƙofa

"Wa ya goge min allon nan?"

"Ni ce. Ƙusarsa nake so, in rataye madubi."

Maigidana tsohon malamin lissafi ne. Kullum da safe sai ya share lambar da ke ƙaramin allon bayan ƙofa, ya rubuta wata, ya tsaya yana mata kallon amarya. Ni da ko aji uku ban gama ba, babu gidan maƙwabta da ban kai labarin ba, cewa tsufa ya taɓa kan malam.

Ya ce, "Dubu goma da ɗari tara da hamsin da bakwai. Ba ta rabuwa biyu, ba ta rabuwa uku. Babu lambar da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta."

"To a ɗaura muku aure mana. Ɗanka ya mutu, ko hawaye ban gani a idonka ba, sai a kan alli za ka yi min rawar murya?"

Ya ɗauki allin, ya juyo gare ni.

"Kwanakin da ya yi a kabari nake ƙirgawa. Ranar da lambar ta rabu biyu, nakan ce yau rabi nawa, rabi naki, ke uwarsa. Ta yau ba ta rabuwa, kuma yau shekara talatin cif. Tun safe nake jira ki tuna."

Na dubi allon da na goge.

Ya ajiye allin a tafin hannuna, ya fita, ya bugo ƙofar har allon ya faɗo.