Tudun Hanyar Gona

A tsakiyar tudun feda ta fara gagarar Malam. Tun da ya tashi daga jinya 'ya'yansa ke roƙonsa ya ajiye keke. Shi kuwa ya rantse in ya kasa haye wannan tudu da matarsa a baya, yadda ya saba shekara arba'in daga Wara zuwa gona, zai miƙa musu keken da hannunsa.

Tsakuwa na zamewa ƙarƙashin taya, gumi ya rufe masa ido. Har zai sauke ƙafa, sai ya ji keken ya yi sauƙi. Ya danna feda, ya ƙara dannawa, bai tsaya ba sai da ruwan Kainji ya bayyana a gabansa.

Ya waiwaya yana dariya. Tana tsaye tana haki, hannunta kan kariyar bayan keken.

"Yanzun nan na sauka, Malam," ta ce. "Ashe da sauran ƙarfinka."

Can ƙasa kan hanya, daidai inda keken ya yi sauƙi, ya hango takalminta ɗaya. Ya kau da kai, ya gyara mata mayafi.

"Hau ki huta," ya ce. "Gangara ce ta rage."