Sabar da Ke Ɗakin Sanyi

Allon kwamfutar ya sake sandarewa daidai lokacin da Muhyiddin yake shigar da lissafin masarar da aka sauke daga Auna. Ya danna, ya sake dannawa. Shiru. Ya kwantar da goshi a kan tebur, gumi na bin wuyan rigarsa.

"Injiniya, ta sake suma ne?" in ji Cecilia, akawun kamfanin, ko ɗagowa ba ta yi ba. Allonta na gefe yana ta aiki, yatsunta na tafiya kamar na mai tsince shinkafa. "Ko a kawo ruwa a yayyafa mata?"

Ko murmushi ya kasa.

Shi ya jawo wa kansa. A farkon shekarar nan ta 1999 ya gama hidimar ƙasa ya dawo Kontagora, kai cike da dabaru, Alhaji Tsado mai kamfanin sayen hatsi ya ɗauke shi gwaji. Nan ya tarar duk aikin sito yana wuyan wata tsohuwar kwamfuta. Shirin da ke cikinta ba ya tafiya a sababbin injuna, wanda ya rubuta shi kuma ya daɗe da barin gari. Duk ranar da ta mutu, aiki ya tsaya ke nan.

Muhyiddin ya ce akwai mafita. A sayo babbar kwamfuta, wadda ake kira saba, a sa mata manhajar da ke gina wata kwamfutar a cikin cikinta, sai a kwafe tsohuwar ɗungurungum a zuba. Mai aiki ba zai ga bambanci ba, allo zai nuna abin da ya saba nunawa sak.

Alhaji ya saurara da ido a lumshe. Ya aika Kaduna aka kawo. Sannan ya gindaya sharaɗi.

"Mako guda, ɗana. Cecilia ta yi aiki da tsohuwa, kai ka yi da taka. Wadda ta gaza ta bar min ofis. In taka ce, ku kama hanya tare."

Ranar Litinin da safe Muhyiddin ya gwada sabar, ta tashi lafiya lau. Aka ajiye ta kusa da tsohuwar a ɗakin sanyi na baya. Yana masallaci Dogo mai gyaran wuta ya zaro igiyoyin allo da na madannai ta ramin bango zuwa teburori biyu na gaba. Kafin ya dawo Alhaji ya garƙame ɗakin, ya jefa makulli a aljihu, ya wuce Zugurma sayen hatsi. Doka ce a gidan tun ranar da ya iske wani lebura yana sharar barci a ƙarƙashin na'urar sanyi: ba mai riƙe makullin sai shi.

Daga nan wahala ta soma.

Agogon shirin ya riƙa ja da baya. Muhyiddin ya buɗe littafin da ya zo da manhajar, babin matsalolin da aka riga aka sani, ya ga an ambaci haka. Ya gyara, washegari agogon ya koma gidan jiya. Ya danna maɓallan da ke fitar da mutum daga kwamfutar ciki zuwa uwar sabar, suka ƙi amsawa. Wannan ma yana cikin babin, an ce wani lokaci madannai kan maƙale a ciki. Maganinsa a je wurin injin. Injin kuwa yana bayan ƙofa.

Ya ba direban lori saƙo zuwa Zugurma. Amsa ta dawo da yamma: Alhaji ya ce ai ita tsohuwar ba ta nemi makulli ba.

Ya rage wa shirin nauyi. Ya share, ya sake tayarwa, ya bi babin nan layi-layi har takardar ta yi laushi. Duk da haka sai ya ji tamkar yana lallashin tsohon jaki. A gefensa Cecilia har cewa take tsohuwar ta ƙara sauri kwanan nan, wai kishi ne ya motsa ta.

Ranar Juma'a ya daina gardama da kowa. Ya fara tunanin yadda zai gaya wa mahaifiyarsa, wadda ta riga ta sanar da dukan unguwa cewa ɗanta ne mai kwamfutar Alhaji.

Asabar da hantsi Alhaji ya dawo. Ya dubi allon Cecilia, ya dubi na Muhyiddin da ke sandare tun safe. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Ka yi ƙoƙari. Amma ka gani da idonka, tsohuwar zuma ce magani." Ya lalubo makulli. "Zo ka kashe kayanka da hannunka, mota za ta Kaduna gobe."

Sanyin ɗakin ya daki fuskar Muhyiddin. Ga su nan gefe da gefe, tsohuwar duk ta yi ruwan ƙasa, sabar fara tas tana huci a hankali. Ya ɗan dafa ta, ya sauke numfashi, ya danna maɓallin. Fankarta ta yi ta raguwa har ta yi tsit.

"Wayyo! Wa ya taɓa min aiki?" Muryar Cecilia ce daga gaba.

Muhyiddin ya leƙa ta ƙofa. Allon Cecilia ne ya yi baƙi ƙirin. Nasa kuwa yana nan a kunne, a sandare yadda ya bar shi, igiyarsa ta bi ta ramin bango ta shige bayan tsohuwar.